Ranar da Mota Ta Tafi Ta Bar Malam Jibrin

Malam Jibrin direba ya daɗe yana ɓoye ciwon gwiwarsa ta hagu, kuma a ganinsa ya iya ɓuya. Idan ya sauko daga mota sai ya dafa ƙofa ya tsaya yana harare-hararen taya kamar mai neman ƙusa, alhali jira yake gwiwar ta yarda ta ɗauke shi. Idan ana hira a tabarma a ƙofar gida, shi ne na ƙarshen tashi, har wasu suka fara yabonsa da son zumunci. Matarsa Turai kaɗai ya yarda ta ga kumburin, domin ita ke gasa masa da ruwan zafi, ita ma sai da ya ja mata kunne.

Dalilinsa ba mai wuyar ganewa ba ne. Da ƙafar hagu ake taka kuloci, kuma direban da ya kasa taka kuloci ya zama fasinja. Tun yana saurayi yake tuƙa marigayi Alhaji Ɗanasabe mai hatsi na Tudun Wada, daga akori-kura har aka kai ga Fijo. Da Alhaji ya rasu, matarsa Hajiya Barakatu ta riƙe harkar masara, ta kuma riƙe direban. To amma babban ɗanta Uba ya girma, ya fara sakin 'yan maganganu cikin ladabi, irin su "Ai ya kamata Baba Jibrin ya huta haka nan." Malam Jibrin ya san wannan hutun sarai. Ya gan shi a tasha, benci ne dogo a gindin darbejiya, inda tsofaffin direbobi ke zama suna ba da labarin hanyar Jos ga mutanen da ba su tambaye su ba. Duk duniya ba abin da yake tsoro kamar bencin nan.

A ƙarshen wata damina, lokacin da motocin Beljiyam suka fara cika Kano, sai ga Uba ya shigo Tudun Wada da wata doguwa ruwan toka, ya ce Hajiya ce ta sa a sayo, Fijon za a sayar. Malam Jibrin ya zagaya ta hannu a baya, ya buɗe ƙofar direba ya leƙa ƙasa. Abin takawa biyu ne kacal. Ya sake leƙawa, ko na ukun ya faɗi a hanya.

"Otomatik ce, Baba Jibrin," in ji Uba. "Ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Shigo in nuna maka yadda sandar take."

"Uba," in ji Malam Jibrin, "ragon sunanka ni na ɗauko shi a bayan akori-kura. Shiga gida ka sha ruwa."

Mai hankali, wanda gwiwarsa ke hana shi barci, da ya ga mota ba kuloci sai ya nufi masallaci ya yi sujadar godiya. Malam Jibrin tasha ya nufa. A can ya shaida wa abokansa cewa an kawo musu keken yara mai rufi, motar da ko mai tallan nono za ta iya tuƙawa. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, idan mota tana canza giya da kanta, to me ya rage wanda shi ya iya, wani bai iya ba? Ya tabbatar wa kansa cewa dabarar Uba ce, so yake ya nuna wa Hajiya kowa ma direba ne.

Da yamma, da Uba zai gyara wa motar tsayuwa, Malam Jibrin ya raɓe jikin taga yana gyaran hula, yana satar kallo ta wutsiyar ido. Ya ga an ja sanda zuwa wani harafi, D, mota ta yi gaba. An mayar da ita R, ta yi baya. Shi ke nan, ya gama karatu. Sauran haruffan da ke jere a wurin ya ɗauka ado ne irin na Turawa.

Washegari Hajiya za ta Doguwa duba masarar da dillalanta suka tara. Ta shiga baya da carbinta da 'yar jakar goronta. Motar tana nan yadda Uba ya bar ta, Malam Jibrin ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya ja sanda zuwa D kamar wanda aka haifa a ciki, suka kama hanya.

Matsalar ita ce ba wanda ya sanar da ƙafar hagu cewa an sallame ta. Suna fita gari, inji ya kai inda ya kamata a sa giya ta gaba, ƙafar ta tashi da kanta ta tafi neman kuloci, ta sami birki, ta take shi da iyakar ƙarfinta. Mota ta ƙame. Hajiya ta taho gaba ita da mayafinta, goro ya watse a ƙasa.

"Akuya ce, Hajiya," in ji Malam Jibrin.

Hajiya ta dubi titi. Ko kaza babu.

"Allah ya kiyaye," ta ce, ta duƙa tana tsince goronta.

Daga nan ya lanƙwashe ƙafar ya cusa ta ƙarƙashin kujera, yana tsaronta kamar ɓarauniya. Gaskiyar magana, motar tana da daɗin tuƙi, kuma wannan ya ƙara ba shi haushi.

Azahar ta riske su a Burumburum, domin Hajiya ta tsaya gaisuwa a wurare da dama a hanya, shi kuma yana jiranta inji a kunne. Ya sauka daga kwalta ya shiga wani titin burji, ya tsaya a gefen masallaci. Ubangidansa na farko ya koya masa da rankwashi cewa ba a barin mota a firi, wato ba ta cikin giya, a giya ake kashe ta don kada ta gangara. Saboda haka ya bar sandar a inda take, ya kashe inji, ya ja hambirki. Hajiya ta shiga gidan wata ƙawarta, shi ya shiga sahu.

Da suka dawo ya murɗa makulli. 'Yan fitilun gaban sitiyari suka kama, ja da ruwan ɗorawa. Inji kuwa ko tari bai yi ba. Ya sake murɗawa. Shiru. Ba irin gurnanin nan na batir mai rauni, ba ko ɗan ƙas ɗin da kik, na'urar da ke juya inji, ke yi idan ya maƙale. Ya danna hon, hon ya yi ƙara har tantabarun masallaci suka tashi. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san motar da hon ɗinta ke irin wannan kuka batirinta lafiya lau yake.

"Batir ne, Hajiya," ya ce. "Motocin nan sun sha sanyi a ƙasarsu, sai sun saba."

A ƙasarmu motar da ta ƙi tashi ta kowa ce. Ba sai an roƙi mutum ba. Kafin ya rufe baki masu fitowa daga masallaci sun kewaye ta, mai rake ya ajiye wuƙarsa, tela ya naɗe hannun riga, ladan ya cire rawani ya miƙa wa wani. Magani ɗaya aka sani, kuma bai taɓa ba da kunya ba: a tura, direba ya taka kuloci, in ta ɗauki gudu ya saki, inji ya kama. Aka ce a bi da ita ta titin da ya gangara fadama, ya fi sauƙi.

Malam Jibrin ya sauke hambirki, ya leƙo da kai ta taga yana ba da umarni da muryar da yake ji da ita. Mutane suka sa kafaɗa. Mota ta tafi sumul, ba gardama. Ta fara sauri, iska ta fara shigowa, lokacin sakin kuloci ya yi. A nan ne ya tuna cewa babu abin da zai saka.

Da zai faɗi gaskiya a wannan lokacin, da labarin ya ƙare a nan. Amma ga jama'a suna haki a bayansa saboda Allah, ga Hajiya a kujerar baya. Sai ya zaro ƙafar hagu, ya taka dandamalin mota inda kuloci ya kamata ya kasance, ya ɗage ta a hankali cikin ƙwarewa, har da ɗan girgiza jiki. Mota ta ci gaba da gangarawa shiru, ta je ta tsaya don kanta.

"Saura kaɗan," ya ce da mutanen. "Ku ƙara."

Suka ƙara. Suka sake ƙarawa. Suka wuce gidajen ƙarshe, suka wuce rumbuna, suka wuce wata gonar dawa, har suka iso inda hanya ta miƙe a shimfiɗe kafin ta sake gangarawa wajen rafi. Duk lokacin da mota ta ɗauki gudu, Malam Jibrin sai ya taka ƙasa ya saki, gwiwar tana yi masa tsiya a banza. Daga ƙarshe ladan ya dafa bayan mota yana numfashi da ƙyar.

"Malam, wannan ba ta turi ba ce. Mai yi mana gyaran wayar mota ya tafi Tudun Wada, amma in ka yarda sai a ba wa direban da zai wuce sallahu."

"Ko a aika wa Uba?" in ji Hajiya daga ciki.

Malam Jibrin ya hango abin da zai biyo baya. Sallahu zuwa Tudun Wada ta bakin direba, ai kafin la'asar duk tasha ta ji, kuma Uba zai zo da ladabinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi makulli. Ya ga bencin nan ƙiri-ƙiri, har ya ga gurbin da za a matsa masa.

"Ba sai an wahalar da kowa ba," ya ce. "Na gane abin. Ku koma, Allah ya saka da alheri."

Mutanen suka yi masa fatan alheri suka juya, wasu suna ɗingishi. Ya bari sai da suka ɓace a bayan dawa, sannan ya ɗauko sukundireba daga aljihun gaban rigarsa.

Wannan dabarar ta tsofaffin hannu ce, kuma ta fitar da shi kunya a dajin Falgore ba sau ɗaya ba. Makulli ba shi ke juya inji ba, saƙo kawai yake aikawa ta siririyar waya zuwa ga kik, kik ya ja wuta daga batir ya juya inji. In saƙon ya ɓata a hanya, sai mutum ya buɗe bonet, ya haɗa ƙaton kan wayar batir da ƙaramin kan wayar makulli a jikin kik ɗin da bakin sukundireba. Sharaɗi ɗaya ne, mota ta kasance a firi. Malam Jibrin bai manta da sharaɗin ba, ya ma tsaya ya yi nazari a kansa. Motar da ke cikin giya, in an tura ta, turjewa take tana fizga. Wannan kuwa tun daga masallaci take tafiya salin-alin. Ashe ke nan in an kashe ta, da kanta take komawa firi. Ya ji daɗin wannan tunani ƙwarai, har ya so a ce Uba yana kusa ya ji.

Ya murɗa makulli fitilu suka kama, ya fito ya rufe ƙofa. Hambirki yana ƙasa tun wajen turi, wurin kuma a shimfiɗe yake, bai ko tuna da shi ba. Ya ɗaga bonet ya tokare, ya kwanta da cikinsa a kan gefen mota, ya zura hannu can ƙasa. Tartsatsi ya tashi. Inji ya kama nan take, da wata murya mai laushi.

Ya sami damar yin murmushi. Ya ma sami damar cewa, "Hajiya, kin ga abin da nake..." Sai ya ji ƙarfen da ya jingina a kai yana zamewa daga ƙarƙashin cikinsa.

Motar ba gudu ta yi ba. Tafiya ta kama, a natse, irin ta macen da ta ɗauko tulu. Madubin gefe ya doke shi a haƙarƙari ya juya shi, ƙofar direba ta wuce, ƙofar baya ta wuce da fuskar Hajiya a jikin gilashi. Bonet a ɗage ya rufe mata gaba, ba ta ganin komai.

"Malam Jibrin," ya ji muryarta, "wa ke tuƙin?"

Ya yar da sukundireba ya bi ta. Taku kaɗan ya yi gwiwar ta lanƙwashe, ya zube a kan burji. Ya miƙe, ya ja ƙafar, ya miƙa hannu har yatsunsa suka shafi fitilar baya, motar ta ƙara gaba kaɗan. Jaki da kaya zai iya cim mata. Shi ya kasa. Hanya ta fara gangarawa, tazarar ta fara buɗewa, kuma ya san abin da ke gaba, kwana ce, bayan kwanar kuma rafi ne cike da ruwan ƙarshen damina. A nan dariya ta ƙare. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a kan hanya, yana jan ƙafa yana kiran sunan Allah, yana kallon matar ubangidansa tana tafiya ita kaɗai a motar da shi ya tayar.

Mota ba ta san kwana ba. Ta miƙe abinta, ta ratsa ɗan shingen ƙaya, ta sauka cikin wata gonar shinkafa da ke hannun dama kafin rafin, ta dasa hanci a taɓo. Tayoyin baya suka ci gaba da juyawa suna watsa laka. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya iso, ya kutsa cikin taɓon har ƙauri, ya buɗe ƙofa ya kashe inji. Takalminsa ɗaya ya zauna a can ƙasa, bai ko neme shi ba.

Hajiya tana zaune daram, ta damƙe carbi da hannu biyu, leɓunanta suna motsi.

"Hajiya, ba ki ji ciwo ba?"

"Lafiya lau nake. Ita dai tafiyarta ba gargada, ba kuma ta ga akuya ba."

Allah ya kawo wani Bafulatani mai suna Shitu, wanda gonar tasa ce, yana dawowa da bijiman huɗarsa biyu. Ya tsaya ya jingina da sandarsa, ya dubi mota, ya dubi shinkafarsa da ta kwanta, ya dubi dattijo mai takalmi ɗaya.

"Sannu Baba. Sannu Hajiya. Ita ma kiwo kuka kawo ta?"

Malam Jibrin ya ba shi haƙuri a kan shinkafar. Shitu ya ce shanunsa sun yi wa mutane ɓarnar da ta fi wannan, yau an rama wa manoma. Ya shimfiɗa karan dawa Hajiya ta taka ta fito, ta zauna a kan wani buhu a gindin ɗorawa. Sannan ya ɗaura igiya a ƙarfen bayan mota, ya yi wa bijiman magana da Fillanci, suka sunkuyar da kai suka ja. Mota ta fito da baya tana zubar da laka, suka kai ta har kan burji. Shitu ya kwance igiyarsa, ya kora shanun zuwa rafi ya wanke su.

Malam Jibrin ya rufe bonet, ya shiga ya zauna don ƙafar ta huta. A nan idonsa ya sauka kan sandar giya. Tana kan D. Tun daga Tudun Wada take kan D, a kai ya kashe ta, a kai aka tura ta, a kai ya sa mata sukundireba.

Ya ja hambirki iya ƙarfinsa, ya taka birki, ya tura sandar gaba zuwa harafin da ke kusa, N. Ya murɗa makulli. Inji ya tashi bugu ɗaya. Ya kashe, ya mayar D, ya murɗa, shiru. Ya kai R, shiru. Ya kai can ƙarshe, P, inda Uba ya bar ta jiya, ta tashi. Ya yi ta yi yana maimaitawa kamar wanda aka ba sabon rediyo, kuma amsar ba ta canza ba.

Tunda riga ta riga ta ɓaci, sai ya kashe ta a P, ya kwanta a ƙasa ya ja jiki ƙarƙashinta, domin shi mutum ne da ba ya yarda sai ya gani. Ya bi ƙarfen da ya taho daga sandar har inda ya shiga jikin giyabos. A daidai wurin akwai wani ɗan abu mai kama da gwangwanin man zafi, wayoyi sun shiga sun fita. Ya bi su da yatsa. Siririyar wayar da ta taho daga makulli ba kai tsaye ta tafi kik ba, sai da ta biya ta cikin gwangwanin nan. Makunni ne. In an motsa sanda, wani abu yana juyawa a cikinsa, kuma ba ya haɗa wayar sai sandar tana P ko N, wuraren da inji ba ya jan taya. A kowane harafi ban da waɗannan, saƙon makulli a nan yake tsayawa.

Ya kwanta yana kallon abin, laka tana ɗiga masa a goshi, komai ya warware masa. A tsohuwar mota direba ne mai tsaro, shi ke girgiza sanda ya tabbatar tana firi, shi ke taka kuloci kafin ya murɗa makulli. Wannan ba ta da kuloci, da inji ya kama a giya tafiya za ta yi, shi ya sa masu ƙirarta suka sa mata mai gadi a ciki. Sulɓin da ta yi wajen turi kuwa ba firi ba ne, irin giyarta ce ba ta riƙe taya sai inji yana aiki, don haka ko mutanen Burumburum za su tura ta har Doguwa ba za ta tashi ba. Mai gadi ya hana shi shiga ta ƙofa don kada a yi ɓarna, shi kuma da gwanintarsa ya haura katanga. Duk yinin nan, tsakanin shi da mota, ita ce ta san aikinta.

Fitowa daga ƙarƙashin motar ta fi shiga wuya. Ya kama bamba, ya yunƙura, gwiwar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa. Hajiya tana kallonsa daga gindin ɗorawa, ba taya da zai yi kamar yana dubawa. Da ƙyar ya miƙe. Ya zare makullin, ya ɗingisa har gabanta ba tare da ya ɓoye ɗingishin ba, ya russuna iya yadda ƙafar ta bari, ya miƙa mata.

"Hajiya, motar lafiyarta ƙalau. Ni ne ban san ta ba, na kuma ƙi tambaya. Wannan da sauƙi, ana koya. Amma kin ga tafiyar da take yi ɗazu, ko tsohuwa za ta kamo ta, ni na kasa. Da rafin ta nufa, ina tsaye zan yi kallo. Ƙafata ta lalace, Hajiya, ta daɗe da lalacewa, na ɓoye miki. Ki ce wa Uba ya kawo wanda zai kawo."

Hajiya ba ta karɓi makullin ba. Ta ɓare goro, ta jefa rabi a baki.

"Ka ɓoye mini," ta ce. "Malam Jibrin, a bayanka nake zama. Duk hawan da za mu yi a Falgore ina jin yadda kake riƙe numfashi kafin ka taka abin nan. Ka zaci carbi yana toshe kunne?"

"Turai ce ta faɗa miki?"

"Turai ba ta ce mini komai ba. Masu lodi ma sun sani. Kai a zatonka son aiki ne ya sa suke rige-rigen canza maka taya?"

Malam Jibrin ya sauke hannun da ke riƙe da makulli.

"Uba sabuwar Fijo ya so, da sabon direba," in ji Hajiya. "Na tambaye shi ko akwai motar da ba a taka ta da ƙafar hagu. Ya ce akwai, amma ba a cika son su ba, masu gyaransu ba su da yawa. Na ce ya je ya zagaye Kano kada ya dawo sai da ita. Ni ba mota nake nema ba, ta Alhaji ba abin da ya same ta. Mutumin da ya kai Alhaji asibiti ya kuma dawo da gawarsa, ba zan zauna a bayan wani ba yana raye."

Kunya ta rufe shi. Ya tuna abin da ya faɗa a tasha jiya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa marar takalmi.

"To me za a ce wa Uba?" ya tambaya da ƙyar.

"Abin da ya faru. Kai za ka faɗa masa da bakinka, sannan ka zauna a gefe ya karanta maka haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, ka ce to. Yanzu tashi mu tafi, masara tana jira."

Suka yi sallama da Shitu, wanda ya dawo riƙe da takalmin da ya tono a gonarsa. Malam Jibrin ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ya zagaya ya shiga. Ya dubi sandar sau biyu kafin ya murɗa makulli. Suka juya, suka ratsa ta gaban masallaci, mai rake da tela suka ɗaga hannu suna yi masa barka da gano matsalar, shi ma ya ɗaga musu ba tare da ya dube su ba.

Da suka hau kwalta suka miƙi hanyar Doguwa, ya lanƙwashe ƙafar hagu zai cusa ta ƙarƙashin kujera.

"Miƙe ta," in ji Hajiya daga baya. "Ba wanda ke kallonka."

Ya miƙe ta a hankali har ta kai ƙarshen dandamali. Zugin ya fara sauka. Daɗin da ya ji ya kusa sa shi kuka, sai ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya zuba wa hanya ido har suka shiga daji.